Kwana Tara da 'Yata ta Yi Tana Gudun Ubanta

Abubuwa da yawa sun wuce a zaman aurena waɗanda in aka tambaye ni yau sai na tsaya na yi dogon tunani, amma kwana taran nan da 'yata ta yi tana gudun ubanta ba na jin ko tsufa zai iya goge min su. Lokacin shekararta biyar. Yanzu ta kai sha uku, ta wuce ni a karatu nesa ba kusa ba, ita take karanta min saƙon Faransanci in ya shigo wayata. Kuma abin da ya jawo komai wani tsohon fim ne da ni na kunna da hannuna.

Sai na ɗan koma baya kafin a fahimce ni. A unguwar Paris-Congo na tashi, aji uku na yi a makaranta na tsaya. Muna da wani maƙwabci mai talabijin da na'urar kaset, ranar Lahadi da rana yakan bar yaran layi su cika masa tsakar gida. A can ni da yayata muka kalli fim ɗin wani Bature mai kirki da wata dabba ta ciza a daji, daga nan duk sanda wata ya cika sai jikinsa ya tsiro gashi, bakinsa ya yi tsawo, ya rikiɗe. Manya sun ce sunan dabbar kyarkeci. Mu ba mu taɓa ganin kyarkeci ba, kura muka sani, don haka fim ɗin mutum-kura muka sa masa. Ina 'yar shekara tara a lokacin. Na yi kusan shekara guda ba na shiga bayi sai an tsaya min a bakin ƙofa, kuma duk namijin da ya yi min dariya haƙoransa nake fara dubawa. Da ma can ni mai fargaba ce, kuma haihuwa ba ta rage min ba, ƙara min ta yi. In yaro ya yi tari sau biyu, a zuciyata na riga na kai shi asibiti an ba mu gado.

To, wata Alhamis yayata ta zo min wuni daga unguwarsu ta Toukra zuwa gidanmu a unguwar Goudji. Bayan mun ci abincin rana, aka yi sa'a akwai wuta, sai ta zaro ɗan ƙaramin abin nan da ake sokawa a bayan talabijin, wanda muke ce wa kile, tana murmushin da na san ba na alheri ba ne.

"Kin san wa na kawo miki?" in ji ta. "Tsohon saurayinki. Wanda ya hana ki zuwa bayi."

Na ce, "Yaya, don Allah ki bari. Ni fa har yanzu ban warke ba."

"Zauna ki gani. Wallahi tausayinsa za ki ji."

Gaskiyarta. Ba a yi rabin fim ɗin ba muka fara riƙe ciki. Abin da ya hana ni barci shekara guda, ashe fuskar roba ce, har ana ganin bakinta a wuya inda farar fatar mutumin ta leƙo. Haƙoran sun yi masa yawa, ya kasa rufe baki, yawu na zuba kamar ragon da ya ci barkono. Watan kuwa kamar farantin silba aka rataye da igiya. Yaya ta ce gashin jikinsa buzun sallar babanmu ne aka yayyanka aka liƙa masa. Ni da ba na jin Faransancin da suke yi sai tsinta-tsinta, ita kuma tana fassara min ƙarya, tana cewa wai kukan da yake yi yana tambaya ne ko an ga takalminsa. Na yi dariya har hawaye. Wani irin daɗi na ji, kamar na haɗu da wanda ya zalunce ni ina yarinya na tarar ya tsufa ba shi da haƙori ko ɗaya.

'Yata tana bayanmu a kan tabarma da mangwaro a hannu. Na waiga sau ɗaya na ga ta daina sha, ruwan mangwaron yana gangarowa har gwiwar hannunta, idonta ƙur a kan talabijin. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Amma sai na ce a raina, abin da ya zama abin dariya me zai yi wa yaro? Na juya na ci gaba da dariyata. Ni da nake tafasa mata ruwan sha sau biyu, ni da ba na barin ta taka ƙasa ba takalmi, ranar ban tsare ta daga komai ba.

Maigidana mahauci ne, kamar ubansa da kakansa. Yana idar da sallar asuba yake fita zuwa kwata inda ake yanka, daga can ya wuce teburinsa a kasuwa, sai la'asar ya dawo. Ƙaton mutum ne mai cikar gemu, hannuwansa duk gashi, kuma duk yadda ya wanke jiki a kasuwa ba ka rasa ɗigon jini a bakin wandonsa ko gefen farcensa. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, "uwata" yake ce mata. Ni kuma, tunda ni na haifi uwarsa, in yana jin tsokana sai ya ce min "kakata". Kullum da ta ji ƙarar babur ɗinsa a layi take rugawa bakin ƙofa, ya ɗaga ta sama, ya zaro mata gasasshiyar hanta a ƙunshin takarda daga aljihu.

Ranar nan babur ya tsaya, ba wanda ya ruga. Ya shigo da sallama yana waige-waige.

"Ina uwata? Yau fushi ake da ni?"

A bayan randa muka same ta, ta dunƙule, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Da ya miƙa hannu zai ɗauko ta sai ta saki wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Ya ja da baya da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya tsaya da ƙunshin hantar a hannu, ya dube ni. Na ce wataƙila zazzaɓi ne ke son kama ta. Ƙaryar farko ke nan, kuma ban san inda ta fito ba. Tsoro ne kawai, kada a ce uwar da ta fi kowa kaffa-kaffa ita ce ta jawo.

Na ɗauka kwana ɗaya zai wuce. Bai wuce ba. In yana gida ba ta fitowa daga ɗaki. In ya ci abinci ya rage mata, kamar yadda ya saba, ba ta taɓawa. Da yamma ta riƙa jan zanena tana tambaya, "Mama, watan yau babba ne ko ƙarami?" Shi kuwa bai daina kawo hantar ba. Sai ya ajiye ta a kan murfin randa ya koma can nesa kusa da ƙofa ya zauna, yana yi kamar yana gyaran babur, yana satar kallo ko za ta ɗauka. Kullum ƙudaje ne suke riga kowa.

Surukata, wadda duk gida muke ce wa Hajja, tare muke zaune. A rana ta uku ta ce ba zazzaɓi ba ne, an tsorata yarinyar ne ko ta yi gamo. Ta turara ɗakin har muka riƙa tari, ta aika aka karɓo rubutu wajen malaminta, ta shafe ta da man habbatussauda tun daga kai har tafin ƙafa. Ina tsaye ina riƙe mata kwano, ina sane da ciwon, ina sane da wanda ya kawo shi, na yi shiru.

A rana ta huɗu Hajja ta ɗora ta a cinya tana lallashi, rabi da Hausa rabi da Larabcin gari kamar yadda take yi.

"Takwara, faɗa min. Me ɗana ya yi miki? In dukanki ya yi yanzu in tashi in zane shi."

Yarinyar ta kai baki kusa da kunnenta, amma na ji. "Abba marfa'in ne. Da safe yana fita ya ci mutane. Ga jinin a wandonsa."

Marfa'in shi ne kura a Larabcin nan. Ban taɓa ganin Hajja ta tashi da sauri irin na ranar ba. Ta je ta tura ƙofar gida ta sa sakata da rana tsaka, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Wa ya ji wannan maganar ban da mu?"

Na ce babu.

"To kada ta fita. Ke yarinya ce, ba ki sani ba. A garin da iyayena suka yada zango a hanyar Makka, ina ƙarama, an yi wani mahauci da aka ce yana rikiɗa. Ba wanda ya gani da idonsa. Amma mata suka daina tsayawa a teburinsa, namansa ya riƙa kwana, ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Kuma can wasu ne suka faɗa. Nan 'yar cikinsa ce. Ina ta samo wannan?"

A nan ɓoyon ya ƙare. Na durƙusa na faɗi komai, da kile, da dariyar, da mangwaron. Na jira faɗa. Hajja ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Kwana biyu kina kallona ina ƙona turarena mai tsada." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Da maigidan ya dawo na faɗa masa da bakina, kaina a ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kakata, kin iya ɓoye magana haka? To gobe ki nuna min abokin nawa in gan shi."

Washegari bayan la'asar, Hajja ta ja yarinyar zuwa maƙwabta, na kunna masa. Kallon mahauci ya yi wa fim ɗin. Da aka nuna jini ya ce, "Wannan karkanji ne." Haka muke ce wa zoɓo a nan. "Jini in ya zuba ba ya daɗewa yake duhu ya daskare. Wannan tun ɗazu ja wur yake, sai dai a sa masa sukari." Da aka nuna bakin dabbar ya matso kusa ya ce duk wanda ya haɗa haƙoran nan bai taɓa buɗe bakin dabba ba, da wannan ko tsoka ba za a yanka ba. Ya yi dariya sosai. Har na fara jin sanyi a raina. Sai kuma na ga dariyar ta tsaya. Ya miƙe hannuwansa biyu yana juya su, yana kallon gashin da ke kai, ya shafa gemunsa.

"To ni da wannan abin muke kama a idonta?"

Na tashi na kashe talabijin ɗin.

Abin da ya yi washegari bai shawarci kowa ba. Ya tashi kasuwa da wuri, ya biya wajen wanzami, ya sa aka aske gemun nan tas, gemun da tun kafin aurenmu yake tare da shi. Ya yi wanka a gidan ɗan'uwansa, ya sa farar jallabiya mai dogon hannu, ya fesa turare. Da ya yi sallama na fito na tsaya turus. Ƙasan fuskarsa ya yi fari kamar an shafa gari, haɓarsa ashe 'yar ƙarama ce, ya koma kamar ƙanen kansa. Hajja ta leƙo ta ce, "Bawan Allah, mai gidan ba ya nan, sai la'asar." Shi ma ya yi dariya, yana jin kunya, yana ta shafa wurin.

"Kira min ita," ya ce. "Yanzu ba gashi ba jini. Ta zo ta ga ubanta mutum ne."

Na riƙo hannunta muka fito. Ta ɗaga kai ta dube shi. Ba ta yi ƙara ba wannan karon, da ma ta yi. Jikinta ya sandare, farcenta ya shige cikin tafin hannuna, ta ce a hankali, "Mama, ya fara."

Sai a lokacin muka gane abin da muka aikata. Yarinya tana tsoron ubanta zai canza kama, shi kuma ya je ya canza kama ya dawo mata. Ya zauna a kan turmi, da farar jallabiyarsa da turarensa, ya rufe fuska da hannu. Mutumin da yake kayar da bijimi. Ranar ko abinci bai ci ba, kuma na ji yana ce wa Hajja ko dai ya koma kwana a gidan ɗan'uwansa har yarinyar ta manta. Hajja ta ce in ya tafi ne ma ba za ta manta ba.

Ni ba ni da ilimin littafi, amma Allah ya ba ni ido. Tunda ba na jin yaren fina-finai, tun ina ƙarama fuskokin mutane nake karantawa. Da safe a rana ta bakwai, bayan na kai ta makarantar allo, na dawo na shimfiɗa tabarma daidai inda ta zauna ranar, na rage sautin, na sake kunna fim ɗin ni kaɗai. Na ce yau ba dariya, zan nemo wurin da mangwaro ya tsaya.

Na same shi. Ashe mutumin yana da 'ya, 'yar kamar tawa. A farkon fim an nuna yana taje mata kai yana ɗaura mata ƙyalle. Can bayan ya rikiɗe sai ya shigo gida, yarinyar ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta tana cewa "Papa", kalmar da ko ni na sani. Ta faɗa sau uku. Ya juyo ya dube ta. Fuskar ta roba ce, haƙoran na ƙarya ne, amma idanun na mutumin ne na gaske, kuma babu ita a cikinsu ko kaɗan. Irin kallon da ake yi wa akuyar da aka ɗaure a kasuwa. Bai ma taɓa ta ba, wani ya yi harbi ya fice ta taga. A daidai wurin nan ne ni da Yaya muke ta ƙyalƙyala dariya saboda an hango takalminsa a ƙarƙashin gashin ƙafa. Ina zaune ni kaɗai da rana tsaka, uwa mai 'ya, na ji tsigar jikina ta tashi kamar ina shekara tara.

Washegari na zaunar da ita zan yi mata kitso. Na lura yara sun fi sakin baki in ba a kallon fuskarsu. Ta kifa kai a cinyata, na tsaga layin farko, na tambaye ta kamar hira.

"In Abba ya zama kura, me zai yi? Cizo?"

Ta girgiza kai har kitson ya kufce.

"To me?"

"Ba zai san ni ba."

Na ci gaba da kitson.

"Zan ce ni ce, ni ce uwarka. Sai ya kalle ni kamar 'yar wasu."

Kitson nan karkatacce na gama shi, don ban ga abin da nake yi ba. Kwana takwas muna yaƙi da gashi da jini da haƙora, ba wanda ya tambaye ta wane wuri ne yake mata ciwo.

Da na faɗa wa maigidan, ya kai hannu yana neman gemun da babu. Sannan ya ce, "Gobe in an sauko Juma'a ki tara min 'yan matan layin nan, sa'anninta. Ki ce wasa za mu yi, akwai alewa."

Yara shida suka zo. Ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya ba Hajja kadmul ɗinsa, dogon rawanin nan da ake naɗawa a nan, ya ce ta ɗaure masa ido. Ta naɗa masa har zagaye huɗu, ta ɗaga takalminta kamar za ta kwaɗa masa a hanci don ta gwada, bai motsa ba. Ya buɗe tafukan hannunsa a kan gwiwa.

"Kowacce ta zo ta ɗora hannu, ba magana, ba dariya. Ni a kasuwa ido a rufe nake raba naman akuya da na tunkiya. Yau zan nemo uwata."

Tawa tana maƙale a bayana ta ƙi shiga layi. Hajja ta sunkuya ta ce mata, "Ki zauna nan. In bai same ki ba sai ya ɗauki wata, ita za a riƙa kawo wa hanta." Na ji riƙon da ta yi wa zanena ya ɗan sassauta.

Ta farko ta ɗora hannu. Ya lalluba ya ce, "Wannan yana danƙo. Mai wannan hannun ta san inda uwarta take ɓoye sukari. Ba tawa ba ce." Yara suka toshe baki. Ta biyu ya shinshina ya ce ta ci kifi ba ta wanke hannu ba. Ta uku ya ce farcenta ya isa yankan albasa. Da ta huɗu ta zo, 'yar maƙwabciyarmu wadda tsayinsu ɗaya da tawa, sai ya riƙe hannun ya daɗe. Yana juyawa, yana taɓa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, in mutumin nan ya yi kuskure yau, mun gama. Wa ya aike mu? Me ya sa ban sa mata wata alama na raɗa masa ba? Na dubi 'yata na ga ta fito daga bayana gaba ɗaya, bakinta a buɗe.

"Kyakkyawan hannu," ya ce. "Amma na wasu ne."

Sai ga tawa ta taka a hankali. Kafin ta isa ta tsaya wajen ƙawarta, ta zare awarwaron ƙawar ta zura a nata hannun. Wayo za ta yi masa. Hajja ta dafe ni don kada in yi magana. Ta miƙa kan yatsunta kawai, jikinta a baya, a shirye take ta gudu. Bai cafke ba. Ya bar yatsun suka sauka da kansu. Ya taɓa awarwaron ya wuce shi, ya kai kan babban yatsanta ya tsaya.

"Wannan yatsan shekara biyar ana tsotsonsa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Fatarsa ta fi ta sauran laushi, ga 'yar kanta a inda haƙori yake zama. Na sha cire shi daga baki ana mayarwa. Uwata, ina kika shiga kwana tara?"

Ta fizge hannun. Na ce shi ke nan. Ashe bayan layi ta koma. Ta tura wata gaba, sannan ta sake zuwa da ɗaya hannun. Ya gane ta. Ta koma, ta cire awarwaron, ta sa wata ta riƙe mata wuyan hannu don a ruɗe shi. Ya ware hannayen biyu ya ce wannan tawa, wannan ta wasu. A karo na huɗu ƙafa ta ɗora masa a tafin hannu, da ƙurarta da komai. Yara suka fashe da dariya, dokar shiru ta rushe. Ya ce, "Wannan ƙafar ita take shurina a ciki in an zo kwana wajena. Ko a cikin ƙafa dubu."

Sai ta matso tsakanin gwiwoyinsa, ta kama bakin kadmul ɗin ta fara warwarewa da kanta, zagaye ɗaya bayan ɗaya. Da idanunsa suka fito ta riƙe fuskarsa da hannu biyu ta leƙa cikinsu. Ta daɗe tana dubawa, kamar mai neman abu a cikin rijiya. Shi kuwa ko ƙiftawa bai yi ba, duk da ruwan da ya taru.

"Ina gemunka?" ta ce.

"Ya tafi Toukra gaida yayar mamanki. Yana hanya."

"Kar ka ƙara cire shi."

"Na ji, uwata."

Hajja ta juya tana faɗan wai an tara mata yara an hana ta barcin rana, tana goge ido da bakin mayafi. Ni kuwa na shiga kicin na zauna a ƙasa. Daga can ina jin ana rabon alewa, ina jin muryarta tana ba da umarni wa za a ba biyu wa za a ba ɗaya.

Da na mayar wa Yaya kile ɗinta na ba ta labari, ta riƙe baki, sannan ta ce, "Wannan tsohon banzan? Har yanzu yana da ƙarfin da zai shiga gida ya raba uba da 'ya?" Na ce yana da shi. Tun daga lokacin na ga irin waɗannan fina-finai da dama, tsofaffi da sababbi, don yarinyar da ta girma ta zama mai son su, tana kallo tana gaya min yadda ake haɗa su da na'ura. Sababbin gashinsu ya fi kyau, rikiɗar kamar gaske. Na tabbata su ma nan da wasu shekaru za a zauna a yi musu dariya. Gashi yana tsufa, haƙora suna tsufa, jinin yana komawa zoɓo. Amma duk wanda aka sa a cikinsa mutum ya dubi nasa bai gane shi ba, wannan ba ya tsufa, yana nan yana jiran wanda zai gan shi karon farko.

Abin da na koya biyu ne, kuma da tsada na saye su. Abin da ya daina ba ni tsoro ba mutuwa ya yi ba, ni ce na girma na wuce shi, don haka ba na ƙara auna zuciyar yaro da tawa. Sannan in wani cikin 'ya'yana ya tsorata, kafin in kunna turare, kafin wani ya je wajen wanzami, nakan zaunar da shi in tambaye shi a hankali: a cikin abin nan duka, wane wuri ne ya ba ka tsoro? Sau da yawa ba inda nake zato ba ne. Tawa ba dodo take gudu ba. So take a tabbatar mata cewa ko ido a rufe, ko fuska ta canza, a gidan nan akwai wanda ba zai taɓa ɗaukarta 'yar wasu ba.